Sake Tsara Kwamfutar Injin Babur: Ina Ribar Take, Kuma Me Ake Bayarwa a Madadinta?

A jikin kowane babur na zamani da ke shan mai ta hanyar feshi akwai wani ɗan akwati na roba ko na alminiyam, wanda girmansa bai wuce tafin hannu sosai ba, galibi a ɓoye ƙarƙashin mazauni ko kusa da tankin mai, kuma shi ne ke yanke hukuncin yawan fetur ɗin da za a fesa wa injin da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Injiniyoyi suna kiransa ECU, wato kwamfutar sarrafa injin, makanikan Najeriya kuwa sun fi saninsa da birenbokis. Tun da masu manyan babura suka gane cewa umarnin da ke cikin wannan akwati rubutacce ne, kuma abin da aka rubuta ana iya goge shi a rubuta wani, sai wata sana'a ta kafu a Turai da Amurka da Ostareliya, ta masu karɓar 'yan ɗaruruwan daloli su sake tsara kwamfutar bisa alkawarin ƙarin ƙarfi, da laushin totur, da raguwar zafin injin. Ko aikin ya cancanci kuɗinsa da haɗarinsa, wannan ba ya amsuwa sai an fara sanin abin da kwamfutar ke da iko a kansa da abin da ya fi ƙarfinta.

Injin fetur yana samun ƙarfinsa ne gwargwadon iskar da ya iya zuƙa, domin fetur ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin, kuma kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus ba tare da ragowa ba. Idan aka ƙara man kaɗan, har ya zama giram ɗaya ga kowane giram 12.5 zuwa 13 na iska, injin yakan ba da mafi girman ƙarfinsa, kuma rarar man tana sanyaya cikin silinda; idan kuwa aka zarce haka da yawa, ƙarfin raguwa yake yi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa fitar da warin ɗanyen mai. Yawan iskar da injin ke zuƙa kuma ƙirar ƙarfensa ce ke ƙayyade shi: faɗin silinda, girman bawul, siffar kamshaf mai buɗe bawul ɗin da rufe shi, da hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rubutun kwamfuta ke canzawa. Wannan iyaka ita ce ta kewaye dukan zancen, kuma tallace-tallacen masu sana'ar ba su cika ambatonta ba.

Aikin kwamfutar shi ne ta ƙiyasta iskar da ta shiga a kowane juyin injin, sannan ta auna mata man da ya dace, kuma tana yin haka da labarin da wasu ƙananan na'urorin ji, waɗanda ake kira sensa, ke aiko mata ba ƙaƙƙautawa. Akwai mai ƙirga juyin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, akwai mai faɗin iya buɗewar totur, akwai masu auna matsin iska da zafinta da zafin ruwan sanyaya injin, sannan akwai wadda aka dasa a bututun salansa tana auna ragowar oksijin a cikin hayaƙi. Da wannan labari kwamfutar ke duba wasu jadawalai da aka rubuta mata tun daga masana'anta, waɗanda masu sana'ar ke kira taswira: a gefe ɗaya an jera saurin juyin injin, a ɗaya gefen an jera buɗewar totur, kuma a kowace mahaɗa akwai lamba da ke nuna tsawon lokacin da bakin feshi zai kasance a buɗe, lokacin da ake aunawa da ɓangarori na dubu na sakan ɗaya. Sake tsara kwamfuta canza waɗannan lambobi ne, tare da kunna wasu umarni ko kashe su.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu babura, cewa kamfanoni suna hana injinansu mai, don haka duk wanda ya ƙara man zai ga canji. Rabin maganar gaskiya ne. A lokacin da babur ke tafiya sannu da ɗan totur kaɗan, kwamfutar tana sauraron sensar oksijin tana gyara feshin sau da yawa a kowane sakan domin ta riƙe haɗin iska da mai a kan 14.7, saboda katalis, wato wata saƙa mai kama da saƙar zuma da aka lulluɓe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam a cikin salansa, ba ya iya tsarkake gubobin hayaƙi guda uku lokaci ɗaya sai a daidai wannan ma'auni. A nan ne mahayi kan ji injin yana ɗan fizga kuma zafi yana dukan ƙafafunsa. Amma da zarar an buɗe totur har ƙarshe, kwamfutar takan daina sauraron sensar ta koma bin taswira kai tsaye, kuma a wannan ɓangare kamfanoni da yawa sukan zuba man fiye da abin da ƙarfi ke buƙata, domin su kare bawul da katalis daga zafi. Saboda haka ƙwararren mai gyara yakan ƙara mai a ƙasan taswira ya rage shi a samanta, kuma ragewar ita ce takan kawo ɗan ƙarin ƙarfin da ake gani a ƙarshen juyi.

Jadawali na biyu, wanda ya fi na farko haɗari, shi ne na lokacin wuta. Haɗin iska da mai ba ya ƙonewa nan take, don haka fulogi yana ba da wuta tun kafin fistin ya kai ƙololuwar hawansa, domin matsin ƙonewar ya cika daidai lokacin da fistin ya fara sauka. Idan aka gabatar da wutar kaɗan ƙarfi yakan ƙaru, amma idan aka wuce iyaka, ragowar haɗin da ke gefen silinda yakan fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin harshen wutar ya iso gare shi, abin da ake ji kamar ƙarar ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙwanƙwasa tana iya cinye gefen fistin ko ta karya zobensa cikin ɗan lokaci, kuma abubuwa uku ne ke kusanto da ita: fetur mai ƙarancin okten, wato ma'aunin juriyar mai ga fashewa da kansa, da iska mai zafi, da nauyin kaya a kan injin da ke juyi sannu. Motocin zamani kusan duka suna da sensa mai jin ƙwanƙwasa wadda ke sa kwamfuta ta ja wutar baya, amma babura da yawa ba su da ita, musamman na shekarun baya.

Wannan tsari na feshi da kwamfuta bai daɗe ba a duniyar babura. Kamfanin Kawasaki ya fitar da Z1000H mai feshin lantarki a 1980, BMW ya biyo da K100 mai tsarin Bosch a 1983, Harley-Davidson ya fara a 1995 kuma bai yi bankwana da kabireta gaba ɗaya ba sai a samfuran 2007. A 2006 Yamaha ya kawo YZF-R6 wanda a cikinsa hannun mahayi ba ya jan bakin totur kai tsaye, sai dai ya aika wa kwamfuta buƙata ita kuma ta yanke iya abin da za ta buɗe. Abin da ya tura kamfanonin ga wannan hanya dokokin hayaƙi ne fiye da neman gudu. Ƙa'idar Euro 1 ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 1999, ta yarda babur mai bugu huɗu ya fitar da giram 13 na iskar kabon monoksaid a kowace kilomita. Euro 3 ta 2006 ta sauko da shi zuwa giram 2. Euro 5 ta 2020 ta mayar da shi giram 1, ta kuma taƙaita oksaid na naitirojin a kan giram 0.06. Kabireta, wadda ke zuƙo mai da ƙarfin iska kawai ba tare da ta san abin da ya fita a salansa ba, ba ta iya riƙe irin wannan ma'auni.

Taswirar masana'anta, saboda haka, sulhu ce tsakanin buƙatu masu karo da juna. Dole babur ya ci jarrabawar hayaƙi da ta ƙara, ya tashi da sanyin safiya a Norwe, ya jure cunkoson Bankok, ya hau tsaunukan Alf inda iska ta yi ƙaranci, ya karɓi man da bai kai inganci ba, ya kuma kai ƙarshen garantinsa a hannun mai shi da ba ya canza baƙin mai a kan lokaci. Injiniyoyin kamfani sun san inda ƙarfin yake, sun kuma fi kowane mai gyara kayan aiki da lokacin gwaji. Abin da suka bari, da gangan suka bar shi. Mai sake tsara kwamfuta ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu, yana ɗebo shi ne daga rarar da aka ajiye domin doka ko domin kariya, kuma dukan hukuncin ya rataya a kan wace irin rara ce aka taɓa.

Inda ribar take a fili

Riba mafi girma tana samuwa a baburan da aka daƙile da gangan saboda dokar wata kasuwa. Kawasaki Ninja ZX-4RR, mai silinda huɗu da girman injin 399cc, wanda ya fito a 2023, ana sayar da shi a Turai da ƙarfin doki kimanin 77, alhali samfurin Amurka an taƙaita shi a kimanin 56, ba domin an canza fistin ko bawul ba, illa dai kwamfutar ba ta barin totur ya buɗe sosai a saman juyi, abin da ake dangantawa da ƙa'idar ƙara ta can. A irin wannan babur, sake tsarin yana dawo da abin da ƙarfen ya riga ya mallaka, kuma injin ba ya shiga wata wahalar da masu ƙera shi ba su shirya masa ba. Faransa ta yi shekaru kimanin talatin, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 2016, tana hana yi wa babur da ya wuce ƙarfin doki 100 rajista, don haka manyan baburan da aka sayar a can duk a ɗaure suke, kuma da aka soke dokar aka buɗe hanyar kwance waɗanda suka cika sharuɗɗa a hukumance. Haka kuma lasisin A2 na Turai, wanda ya fara aiki a 2013 domin sababbin mahaya, ya taƙaita ƙarfi a kan kilowat 35, kuma babura da yawa ana ɗaure su ta kwamfuta har sai mai shi ya sami cikakken lasisi, sannan dila ya kwance.

Akwai kuma iyakar gudu. Bayan Suzuki Hayabusa na 1999 ya haura kilomita 300 a awa ɗaya a gwaje-gwajen mujallu, manyan kamfanoni sun amince a tsakaninsu, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, su tsayar da baburansu a kan kilomita 299, don gudun kada gwamnatocin Turai su kafa doka mai tsanani. Cire wannan iyaka abu ne mai sauƙi ga mai gyara, sai dai amfaninsa bai wuce filin tsere ba, kuma wanda ya biya kuɗi dominsa alhali a titin jama'a yake hawa ya sayi abin da ba zai taɓa amfani da shi cikin hankali ba.

Riba ta biyu ba a auna ta da doki, kuma ita ce mafi yawan masu babura ke yabawa bayan an yi musu aikin. Domin rage hayaƙi da tsimin mai, kwamfutoci da yawa suna yanke feshi gaba ɗaya idan mahayi ya saki totur, sannan su dawo da shi da zarar ya sake murɗawa, kuma wannan dawowa idan ta zo da ƙarfi tana sa babur ya yi tsalle a tsakiyar kwana, lokacin da taya ta fi buƙatar natsuwa. Yamaha MT-09, wanda aka sayar a Amurka da sunan FZ-09, ya fito a samfurin 2014 da injin silinda uku da ya sha yabo, amma masu gwaji suka yi ta kukan fizgar toturinsa, har kamfanin da kansa ya gyara taswirar a samfurin 2015. Wannan misali yana nuna abubuwa biyu: taswirar masana'anta tana iya zuwa da aibi na haƙiƙa, kuma wurin da ya kamata a fara tambaya shi ne wurin dila, domin gyaran da kamfani ya fitar ba ya taɓa garanti kuma an gwada shi a kan dokar hayaƙi. Masu gyara na waje sukan ƙara wasu ƙananan abubuwa, kamar sa fankar lagireto ta tashi da wuri, da cire jinkirin wutar da wasu kamfanoni ke sawa a ƙananan giyoyi don rage zafin tashi.

Hali na uku shi ne na wanda ya riga ya canza ƙarfe. Idan aka cire salansar asali tun daga bakin injin aka sa mai faɗi, aka kuma canza matatar iska, yawan iskar da ke ratsa injin a kowane juyi ya sauya, kuma taswirar da aka rubuta wa tsohon tsari ta daina dacewa, musamman a ɓangaren da kwamfuta ba ta sauraron sensar oksijin. A nan gyaran taswira ya zama wajibi domin lafiyar injin. Wanda kuwa ya canza tukunyar ƙarshen salansa kaɗai, ya bar katalis da bututun gaba yadda suke, galibi bai canza numfashin injin da abin a zo a gani ba, kuma kwamfutar tana iya cike ɗan bambancin da kanta.

Abin da lissafi ke nunawa

Ga babur da ba a ɗaure ba, wanda injinsa ke zuƙar iska da kansa, ƙarin ƙarfin da ake samu daga taswira kaɗai yakan tsaya a 'yan ɗigo cikin ɗari. Sunan da sana'ar ta yi, a motoci masu tabo ta yi shi, wato na'urar da ke cusa wa injin iska da ƙarfi, domin a can kwamfuta ce ke riƙe da yawan matsin, kuma ƙara matsi ƙara iska ne kai tsaye. Babura masu irin wannan cusawa 'yan ƙalilan ne, kamar Kawasaki Ninja H2 na 2015. Sauran duk suna ƙarƙashin iyakar ƙarfe da aka ambata, kuma ilimin lissafin motsi yana ƙara rage zumuɗin: ƙarfin da ake buƙata domin keta iska yana ƙaruwa ne da ninki uku na saurin, wato saurin sau kansa sau kansa, don haka ƙarin ƙarfi na kashi 5 cikin ɗari yana ƙara ƙarshen gudu da kashi 1.6 kacal. Babur mai tsayawa a kilomita 200 zai kai kimanin 203.

Shaidar da masu gyara ke nunawa takarda ce daga daino, wato na'ura mai babbar ganga da tayar baya ke juyawa a auna ƙarfinta. Na'urar tana da amfani ƙwarai, amma takardarta tana buƙatar karatu da lura. Tana auna ƙarfin da ya iso taya, wanda ya gaza wanda kamfani ke bugawa daga karanshaf saboda abin da giya da sarƙa suka ci. Sakamakonta yana motsi da zafin injin, da iskar taya, da ɗaurin sarƙa, da yanayin ranar. Kuma akwai ƙa'idojin daidaita lissafi daban-daban, irin su SAE da DIN, waɗanda ke ba da lambobi mabambanta a kan gwaji ɗaya. Kwatanci mai ma'ana shi ne wanda aka yi kafin gyara da bayansa, a na'ura ɗaya, a rana ɗaya, da ƙa'ida ɗaya, tare da layin da ke nuna haɗin iska da mai daga ƙasan juyi har samansa. Siffar layin ƙarfin a tsakiya, inda ake hawa kullum, ta fi lambar ƙololuwa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Abin da ake bayarwa

Rarar da kamfani ya bari a lokacin wuta da yawan mai tana kama da hatsin da manomi ya ƙi taɓawa a rumbu: a shekarar albarka kamar ɓarnar wuri ce, darajarta ba ta bayyana sai damina ta gaza. Taswirar da aka matse domin fetur mai okten 98 a ranar sanyi tana iya aiki lafiya shekara da shekaru a hannun mai samun wannan man kullum, amma ranar da aka sha man da bai kai ba, ga zafin rana, ga hawan tudu da fasinja, babu sauran tazarar da za ta tare ƙwanƙwasa. Ɗaga iyakar juyin injin ma haka yake, domin nauyin da ke kan sandar fistin da sifirin ɗin bawul yana ƙaruwa da ninki biyu na saurin juyi, wato saurin sau kansa, kuma lalacewar da yake jawowa ba ta ba da sanarwa.

Shan mai yakan ƙaru idan aka kashe sensar oksijin aka ƙara feshi a ƙasan taswira, kuma hayaƙin yana ƙaruwa fiye da man. Wannan ɓangare ne da masu babura ba su cika son tattaunawa ba, alhali shi ne ya shafi wanda bai hau babur ɗin ba. Kabon monoksaid yana hana jini ɗaukar oksijin, ragowar fetur da oksaid na naitirojin kuma suna haɗuwa a hasken rana su zama hazon da ke tayar da asma, kuma babur ɗaya da aka cire wa katalis yana iya zubar da gubar da ta ninka ta wanda aka bari yadda yake sau da yawa. Mai tafiya a ƙasa da mai sayar da kaya a bakin titi su ne ke shaƙar wannan, ba tare da an nemi yardarsu ba.

Hukumomi ba su ɗauki lamarin da wasa ba. A watan Agusta na 2016 Harley-Davidson ya yi sulhu da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da Ma'aikatar Shari'a, inda ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da kimanin na'urori 340,000 na sake tsara kwamfuta masu suna Screamin' Eagle Pro Super Tuner, ya daina sayar da su, ya sayi waɗanda suka rage a hannun dilolinsa ya lalata. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya ce na'urorin na tsere ne, hukumar kuwa ta ce a titin jama'a aka fi amfani da su. A Jamus, canjin da ya ƙara ƙarfi ko ya ɓata hayaƙi ba tare da amincewar masu duba ababen hawa ba yana soke izinin hawan babur ɗin a titi, a Birtaniya kuma wanda bai sanar da kamfanin inshora gyaran da ya yi ba yana iya rasa diyya ranar da hatsari ya auku. Garanti ma yana cikin abin da ake sadaukarwa, domin ko a Amurka, inda dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani, kamfanin yana da damar ƙin biyan lalacewar da gyaran ya haddasa, kuma fistin da ya narke bayan an gabatar da wuta hujja ce mai wuyar musantawa.

Hanyoyin yin aikin ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu ya kai bambancin yi da bari. Akwai ƙaramin akwatin da ake liƙawa tsakanin kwamfuta da bakin feshi, irin Power Commander na kamfanin Dynojet, wanda ke ƙara ko rage umarnin kwamfutar a hanya. Ana iya cire shi a koma asali, amma ikonsa bai kai cikin kwamfutar ba, kuma ƙarin wayoyi ƙarin wurin shigar ruwa ne. Akwai rubutawa kai tsaye a cikin kwamfutar, wanda ke kai wa ga komai, sai dai idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutu kwamfutar tana iya mutuwa, sabuwa kuma tana da tsada, wani lokaci har sai an haɗa ta da makulli. A cikin wannan hanya ta biyu ma akwai mai ɗora taswirar da aka rubuta a kan wani babur a wata ƙasa, akwai kuma mai ɗora babur ɗin a kan daino ya auna hayaƙinsa mataki mataki da man da mai shi ke sha. Na biyun ne ya cancanci sunan gyara, kuma alamar mai gaskiya a sana'ar ita ce ya adana taswirar asali ya miƙa wa mai babur, ya kuma ƙi taɓa injin da bawul ɗinsa bai daidaita ba ko matatarsa ta toshe.

Yadda lamarin ya shafi ƙasar Hausa

Mafi yawan baburan da ke yawo a Kano da Sakkwato da Maraɗi, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da TVS da Haojue da Jincheng, kabireta suke amfani da ita tare da ɗan akwatin wuta da ake kira CDI, wanda ba shi da taswirar mai da za a sake rubutawa. Ko da akwai, injin 100cc da ke ba da ƙarfin doki kimanin 8, ƙarin kashi 5 cikin ɗari bai kai rabin doki ba, kuma wanke matatar iska a lokacin hunturu, da daidaita bawul, da ɗaure sarƙa yadda ya kamata, za su dawo da abin da ya fi haka. Tambayar ta fi shafar masu manyan babura na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka da Japan, kuma a wurinsu lissafin ya fi karkata ga taka tsantsan fiye da na takwarorinsu na can.

Dalili shi ne abubuwa ukun da ke kusanto da ƙwanƙwasa duk suna nan. Zafin watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, gidajen mai ba sa ba da zaɓin fetur mai okten mai yawa kamar na Turai, kuma matafiyin da mai ya yanke masa a hanya yakan koma ga 'yan bumburutu, inda babu mai tabbatar da abin da ke cikin galan. Ko man da ya bi ta hannun hukuma ya taɓa zuwa da matsala, kamar yadda ya faru a Fabrairun 2022 lokacin da kamfanin NNPC ya sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, abin da ya jawo janye man da dogayen layuka. Taswirar da aka sauko da ita daga intanet, wadda aka rubuta domin mai mai inganci da sanyin Turai, tana cire kariyar a daidai wurin da aka fi buƙatarta. Ga babur na hannu akwai ƙarin abin lura, cewa mai shi na farko yana iya kasancewa ya riga ya taɓa kwamfutar, don haka abin da ya fi amfani ga sabon mai shi shi ne a karanta abin da ke ciki, idan an matse wutar a mayar da ita yadda masana'anta ta bari. Idan akwai gyaran da ya dace da wannan yanayi, shi ne wanda ya sa fanka ta tashi da wuri ya kuma tausasa totur, ya bar lokacin wuta inda yake.

Ƙananan baburan ma sauyi yana tafe gare su daga inda ake ƙera su. Indiya ta fara aiki da ƙa'idar hayaƙi ta BS-VI a ranar 1 ga Afrilu 2020, abin da ya tilasta wa mafi yawan baburan kasuwarta komawa feshi ko kabireta mai sarrafawar lantarki, kuma Turai ta ƙara matsawa da Euro 5+ daga 2024, wadda ta wajabta wa kwamfuta ta riƙa sa ido a kan lafiyar katalis ta kunna fitilar gargaɗi idan ya daina aiki. Kamfanoni kuma suna ƙara kulle kwamfutocinsu da lambobin sirri, ta yadda sabon samfuri kan ɗauki lokaci kafin masu gyara su iya shiga cikinsa. Duk lokacin da irin waɗannan babura suka yawaita a garejin Kano da Zariya, abin da makaniki zai fara buƙata shi ne na'urar karanta lambobin matsala, da mitar auna wuta, da sanin yadda ake gwada sensa da famfon mai, domin mafi yawan kukan da ake ɗora wa birenbokis yakan fito ne daga batir mai rauni, ko waya da ta yi tsatsa, ko bakin feshi da dattin mai ya toshe.